Bikon Hannun Dama

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun da gari ya waye nake neman wanda zan ba labarinsa ba tare da ya ce a kira mini masu ruƙiyya ba. Kafin in fara, gara a san ko ni wane ne, don kada a ce tuwon dare ne ya yi mini yawa.

Sunana Tasi'u, zanen barkwanci ne sana'ata. Duk Juma'a nakan saka labarin Alhaji Gwangwani a shafina na intanet, hotuna gida huɗu a jere. Alhajin nan attajiri ne mai tumbi da cika baki, wanda bai taɓa cin galaba a kan kowa ba, har kajin gidansa sun raina shi. Da shi nake ci. Akwai masu karatu da kan turo mini abin da ya sawwaƙa in wata ya ƙare, akwai kuma wani mai maganin basir da ya kama kusurwar gida na huɗu yana tallarsa. Abin da ya fito da ni kuwa babbar rigar Alhaji ce. Aikin aska takwas nake zana mata, zare bayan zare, a kowane gida, ko da kare ne ya biyo Alhaji yana gudu. Haka na yi ta yi har wuyan hannuna ya kumbura. Likita ta ce jijiya ce ta gaji, ta ba ni wani ɗauri mai ƙarfe a ciki, ta ce in huta. Na ce to. In zan fita sai in ɗaura don unguwa ta yi mini sannu, in na dawo in cire in hau aiki. Da ciwon ya matsa, makonnin nan na fara barin rigar fara sol ba aiki, sai masu karatu suka yo mini ca: hannunka ya canza, Alhaji ya talauce, ko an sace maka shafi ne. Na yi niyyar yau in mayar da aska takwas ko hannun zai guntule. Da wannan niyya na kwanta.

A mafarkin, hantsi ya yi, na miƙa hannu zan ɗauki alƙalamin allon zanena, sai na ga babu abin miƙawa. Hannuna na dama ba ya nan. Daga wuyan hannu zuwa ƙasa babu komai, wurin ya shafe sumul kamar sabon sabulu, ba jini ba zafi. Na ɗaga filo, na leƙa bayan katifa, na duba aljihun wando, tunda nan ya fi son fakewa in an zo biyan kuɗin shayi. Babu shi. Agogona ma babu, da zobena, da abin yanke farce.

Hannun hagu ne ya ba ni labari, kuma kada a tambaye ni da wane baki. Ya ce tun asuba ɗan'uwansa ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya yi yaji, ya tafi gidansu, ya bar saƙo kada wanda ya biyo shi, abin da kowa ya san ma'anarsa a biyo shi da wuri. Na ce yau fa Juma'a ce, ko zai taimaka ya riƙe mini alƙalami. Ya ce shi ma'aikacin banɗaki ne, a nan aka ɗauke shi aiki, a nan zai yi ritaya, ba ya shiga hurumin wani sashe.

Sai ga ni a titi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama. Mutane sun ɗaure bakin wanduna da igiya, masu lema sun kifa ta sun shiga ciki suna ja da gindi. Wata mata ta manna robar wanka a rufin shagonta tana tarar ruwa, tana ƙorafin daɓe na yoyo. Ba wanda ya ga abin mamaki, ni ma ban gani ba, takaicina ɗaya ruwan yana shiga mini ta hanci.

A bayana kuwa ga mabiya. A waya lamba ce kawai a saman shafi, amma a nan da kansu suke bi na: manyan yatsu ne zalla, kowanne a tsaye da farcensa, ba fuska, suna tsalle ɗaya bayan ɗaya. In na tsaya su tsaya, in na ratse lungu don kama ruwa su ratso. Magana ɗaya suka iya, ita suke ta maimaitawa: "Ina na yau?"

Sai na tsinci kaina a Ofishin Yaji da Biko. Akuya ce shugabar sashen, ja mai ɗan gemu, ta rataya tabarau a ƙaho, tana zaune bayan tebur tana tauna kalandar bango a natse. Ba ta ɗago ba ta tambayi sana'ata.

"Mai zane," na ce.

Nan ta ɗago. Ta ce atamfa ko leshi, don tana da biki a dangi. Na ce ba zanen ɗaurawa ba, mutum nake zanawa, wani Alhaji, duk Juma'a.

"Duk Juma'a kake zane dattijo?"

"Zanawa na ce, ranki ya daɗe, ba zanewa ba."

Ta ce a ofishin nan wasali ɗaya ba ya rage laifi. Ta tambaya da wane hannu nake aikata abin, na ce da wanda ya gudu. Ta ce ai dole ya gudu, ko ita ce. Sannan ta yi mini bayanin doka: ba a zuwa biko hannu rabbana, balle ni da rabin rabbanan ya riga ya tafi. Sai da goro, sai da dattijon da zai yi magana a madadina. Goron ta ciro daga ƙarƙashin tebur ta miƙo mini, ta karɓe rabi ta cinye a matsayin haƙƙin ofis. Dattijon kuwa aljihun tebur ta ja, ta zaro shi a ninke, ta kakkaɓe shi, sai ga Alhaji Gwangwani tsaye a gabana cikin farar riga.

Ban taɓa zana bayansa ba, saboda haka ba shi da baya. Da bango yake tafiya a manne, in ya juya gefe sai ya ɓace sai ya juyo. Maganarsa ba a ji, sai dai ta fito a cikin ƙwai a saman kansa a karanta, da irin rubutuna, har da kurakuraina. Ƙwan farko da ya fito mini da shi cewa ya yi tun da na cire masa aska takwas ko a ɗaurin aure ba a ba shi kujerar gaba, kuma shekaranjiya a ƙofar masallaci wani ya miƙo masa sadaka. Ya ce zai raka ni bikon, amma ba don ni ba. A gefen rigarsa ta ƙasa, can a kusurwa, mai maganin basir na zaune da lasifikarsa. Duk inda Alhaji ya sa ƙafa yana nan, tunda ya biya kuɗin wurin.

Sai ga mu a wani zaure mai faɗi. Mun tuɓe takalma, mabiya sun cika ƙofa suna leƙe. A kan tabarmi hannuwa ne zaune, duk 'yan yaji. Ga na mai dakau da kantarsa, ga na direban tirela, ga na wata mai kitso da ke ta murza yatsu, ga wani lumtsumemen hannu mai laushi da aka ce na ɗan siyasa ne, shi ba yaji ya yi ba, ya zo ɗaga wa jama'a hannu ne kawai. Can a lungu na hango nawa. Ya juya wa ƙofa baya, yana sanye da agogona, na mai kitson nan na shafa masa man zafi.

Ban taɓa ganinsa daga nesa ba. Ya rame, wuyan ya kumbura ya yi sheƙi, ga ƙullin da alƙalami ya yi masa a yatsan tsakiya. Kunya ta kama ni, kewarsa kuma ta kama ni, har na rasa wadda ta fi.

Maigidan wani tsohon hannu ne a kan buzu, yatsunsa a ƙanƙame kamar ya damƙi wani abu. Tun kafin ya yi magana na gane shi da tabon allura a babban yatsa. Hannun kakana ne, Malam Ɗan'azumi, maɗinkin manyan riguna a birnin Zariya. A gefensa na zauna ina yaro na haddace aska takwas da ido. Ya daɗe da rasuwa, amma ga dukkan alamu sauran jikin ne ke makwanci, hannun aka ba shi gida daban.

"Kai ne, mummuna?" in ji shi. "Har yanzu ba ka yi kyau ba."

Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye rabin goron. Ya ce ya ga alamar an biyo ta ofis.

Alhaji Gwangwani ya gyara tsayuwa ya fara jawabi. Ƙwan maganar ya yi girman da sai da ya maƙale a ƙofar zaure aka turo shi ciki. Ya fara da kyau, ya ce zama haƙuri ne, tsakanin mutum da hannunsa ba a rasa saɓani. Daga nan ya saki hanya. Ya ce shi hannu don aiki aka yi shi, kumburi kuma ƙiba ce, alamar ana cin daɗi. Ya ce a taimaka hannun ya koma kafin a sauko daga masallaci, don yana da ɗaurin aure, kuma tunda an samu saɓani a ninka masa askar ta zama goma sha shida don a huce. Zauren ya ɗauki ƙarar ƙas-ƙas, hannuwa na ta karya yatsu don haushi. Mai maganin basir ya kunna lasifika ya sanar cewa maganinsa na warkar da jijiya, da yaji, da rashin sabis a waya. Aka ce ya kashe.

Aka ba hannuna dama ya faɗi ƙorafinsa. Bai juyo ba, bango ya yi wa magana. Ya ce shi ke kai loma baki tun muna yara, bai taɓa sanin ɗanɗanon miya ba, kuma bai taɓa kai ƙara ba. Ya ce ɗaurin da likita ta bayar na mayar da shi kayan ado na fita unguwa. Ya ce in ya fara zugi yana roƙona in tsaya, sai in girgiza shi in buga shi a cinya kamar rimot ɗin da batirinsa ya mutu, in ci gaba da zana zare a hammatar Alhaji inda ba mai dubawa. Ya ce shi ba rabuwa yake nema ba. So yake in mun tsufa ya iya ɓalle maɓalli.

Aka ce me zan ce. Na so in yi irin maganar da ake yi a biko, in ce sharrin shaiɗan ne, ba za a sake ba. Amma a ƙasar nan in ka buɗe baki za ka yi ƙarya, gaskiya ce ke fitowa, shi ya sa hannun ɗan siyasan bai zo da bakinsa ba. Na ji kaina ina cewa tsoro nake ji. In na cire aska takwas mabiya za su watse, in suka watse ko hannun ya dawo me zai kai baki? Na ce kuma rigar nan ita kaɗai ta rage mini ta kakana, duk zaren da na ja kamar ina zaune a gefensa ne.

Sai tsohon hannu ya ce, "Matso mu gaisa."

Na miƙa hagu cikin jin nauyi, tunda ita ke gare ni. Ya ɗago, ya yi ƙoƙarin buɗe yatsunsa, suka yi rawa suka ƙi. Ya sake gwadawa. Sai dunƙulen ya ɗora mini a tafi, yana da sanyi da nauyi. Nan na tuna abin da na daɗe da ajiyewa a gefe: shekarunsa na ƙarshe kakata ce ke ba shi koko a baki da ludayi, kuma in baƙi suka shigo sai ya ja hannun cikin riga ya ce yana da alwala.

"Rigunan suna can a akwatunan mutane, asu na ci," in ji shi. "In gadon aikina kake so, ga cikonsa nan. Ba a ɗaukar askar a bar wannan, tare suke."

Idona ya cika, hawayen suka bi dokar garin suka hau sama suka jiƙa mini gira.

"Kuma askarka ta bakwai kullum a karkace take," ya ƙara. "In don ni kake yi, na yafe."

Na miƙe na fuskanci ƙofa, na ce kowa ya ji: daga yau rigar Alhaji fara ce, kuma duk makon da hannu ya ce a tsaya, an tsaya. Ƙwan da ya fito a kan Alhaji babu harafi ko ɗaya a ciki, taurari ne da guduma da ƙoƙon kai. Sai na ga wasu mabiyan sun kifa kai ƙasa, sun juya, suna tsalle a kan farce suna tafiya. Ba kaɗan ba ne, har da waɗanda na sani da turo abin ƙarshen wata. Ina kallonsu cikina ya yi ƙugi, duk zauren ya ji. Wasu dai sun tsaya. Wani gajeren yatsa ya matso ya ce shi wallahi bai taɓa lura akwai aiki a rigar ba, kajin yake zuwa kallo. Wannan ta fi mini ciwo a kan waɗanda suka tafi.

Sai a lokacin hannuna ya juyo. Ya rarrafo tsakiyar zaure, ya miƙa yatsa ɗaya a kan turɓaya. Ya ja layi ɗaya mai lanƙwasa, tumbi ya fito. Ya ɗora hula a karkace, ya ɗiga ido biyu masu kallon raini, ya ja wata kaza tana cin igiyar wando. Kafin in ƙifta ido ya gama, ko rawa bai yi ba. Hannuwan zaure suka yi ta bugun tabarma, na mai dakau har ya kife. Alhaji ya sunkuya ya daɗe yana duba kansa a ƙasa. Wani ɗan ƙaramin ƙwai ya fito: tumbin ya yi, amma a ƙara masa kaɗan don mutunci. Mai maganin basir ya tambaya ko kusurwarsa tana nan, aka ce tana nan, ya ce to shi ba shi da magana.

Na miƙa guntun wuyan hannuna don a mayar mini mu tafi. Tsoho ya ce ashe ban taɓa zuwa biko ba. Ba a tafiya tare, raini ke nan. In koma gida in share ɗaki in jira.

"Ka je, za a kawo shi."

Na ce yaushe. Ya ce in ya huce. Na ce to Juma'ar yau fa? Akuya ta leƙo ta taga da guntun takarda a baki, ta ce kada in damu, Juma'ar wannan makon ta cinye ta tun ɗazu, kuma ba ta da gishiri.

Mai maganin basir ya ɗaga lasifika zai yi sanarwar an shirya, amma maimakon magana sai ta kama gurnani. Ƙarar ta yi ta ƙaruwa, zaure ya hau rawa, tabarmi suka naɗe kansu, Alhaji ya juya gefe ya ɓace.

Injin markaɗen maƙwabtanmu ne, sun tayar da shi da sassafe kamar yadda suka saba. Na farka a kife, na danne hannun dama da ciki, ya mutu murus. Da hagu na jawo shi, ya faɗo kan katifa kamar ba nawa ba. Na yi masa magana bai amsa ba. Na zauna ina kallonsa, injin na ta gurnani. Can sai na ji tsikari a ɗan ƙaramin yatsa, sannan na kusa da shi, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ana kawo shi.

Waya na gefen filo tana ta haske, saƙo kan saƙo, duk tambaya ɗaya: ina na yau. Allon zane na kan tebur da rigar Alhaji da na yi niyyar yi wa aska yau. Na lalubo ɗaurin likita a ƙarƙashin kayan wanki na ɗaura, ba don zan fita ba. Na ba hagu waya, ya yi ta kuskure yana gogewa, da alama har yanzu yana ganin ba sashensa ba ne, har ya samu ya rubuta: Alhaji ya kai riga wanki, sai wani makon, kuma mai wankin ya ce aikin zaren ba zai dawo ba.

Na kifa wayar. Na ɗora hannun dama a kan filo, na ce masa sannu da zuwa.